Tsohuwar Motar Kaya: A Yi Lissafi Kafin A Saya

Kowace shekara, in kaka ta yi, an girbe gero da dawa, an surfe masara an zuba a buhu, kuɗi sun shigo hannu, akwai wata shawara da takan tashi a zaure da tasha da bakin kasuwa, watau shawarar sayen motar ɗaukar kaya. Manomin da ya biya kuɗin mota masu tsanani kafin buhunansa su kai Dawanau, da mai tumatir wanda ya ga kwandunansa suna ruɓewa a Kwanar Gafan don rashin mota, da ma'aikacin ofis wanda ya karɓi kuɗin sallama yana neman inda zai juya su, kowannensu yakan ce a ransa, "Da motar tawa ce, da kuɗin nan a aljihuna za su kwana." Da yake sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, sai hankali ya koma kan tsohuwa, wadda ta riga ta ci ƙasa a Turai ko Amurka ko Japan, ko kuwa wadda ta gaji a hannun wani a cikin gida.

Sayen tsohuwar mota ba laifi ba ne, mutane da yawa sun yi arziki da ita. Amma waɗanda ta tsiyata su ma suna da yawa, sai dai ba a cika jin labarinsu ba, don wanda ya faɗi ba ya kiran maroƙi. Shaidarsu tana nan bayan kowane gareji, an ɗora ta bisa duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Tsohuwar mota ta dace da mutumin da ya haɗa abu uku: kayan ɗauka rani da damina, da ragowar kuɗin gyara a ajiye, da idon da zai sa a kanta kullum. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, haya ta fi masa. Wanda kuwa zai sayar da gona ko shanun huɗa don ya sayi mota, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Yadda Aka Zo Nan

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shekaru da yawa bayan haka shi ne ya riƙa kwashe gyaɗa da auduga da fata zuwa bakin teku. Jakuna da raƙuma ke kai kaya tashar jirgi, daga baya motoci masu bodin katako, irin su Bedford da Austin, suka karɓe su. Daga 1975 zuwa farkon shekarun 1980 aka buɗe masana'antun haɗa motoci a Nijeriya: Peugeot a Kaduna, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu. A zamanin nan ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi yana iya fitar da akori-kura sabuwa fil.

Daga 1986, da aka karya darajar Naira, sai sabuwar mota ta yi nisa, aka koma kan waɗanda ake ce wa tokumbo, ko 'yan Beljiyam, ko 'yan Kwatano. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. A Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jirgin ruwa. A 2022 man gas ya yi tashin gwauron zabi, a 2023 aka janye tallafin fetur, aka kuma saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Abin da duk wannan ya haifar shi ne, tsohuwar motar ma ta zama kuɗin gona sukutum, kayan gyaranta kuwa suna bin farashin Dala. Kuskuren da a da mutum zai yi ya farfaɗo cikin shekara guda, yanzu yana iya raba shi da gadonsa.

Aiki Kafin Mota

Tambayar fari ba ta shafi inji ko taya ba. Ita ce, kwana nawa motar za ta yi aiki a shekara? A ɗauki manomi wanda ya sami buhu 200 na masara, kuma wannan ba ƙaramin manomi ba ne. Buhu 10 masu kilo 100 su ne tan ɗaya, watau yana da tan 20 ke nan. Mota mai ɗaukar tan 3 za ta kwashe su a sawu 7, aikin mako guda in kasuwa ba ta da nisa. To, sauran mako 51 fa? In ba shi da kayan wasu da zai ɗauka, motar za ta zauna, alhali lasin da inshora suna ƙarewa, batir yana mutuwa, taya tana tsagewa a rana, direba kuma yana jiran albashi. Doki ko ba a hau shi ba sai ya ci harawa.

Saboda haka mai son saye ya zauna da takarda ya jera watannin shekara, ya rubuta abin da zai ɗauka cikin kowane wata. Da kaka akwai hatsi da gyaɗa da wake da riɗi. Da rani akwai tumatir da albasa da tattasai da rake, ga kuma yashi da bulo da siminti, gama lokacin gini ne. Da bazara akwai takin zamani da takin gida da iri. Da damina kuwa hanyoyin ƙauye sukan yanke, kaya su yi ƙaranci. Wanda ya ga wata huɗu ko biyar babu abin rubutawa, ya san amsarsa tun bai je wurin dillali ba.

Sa'an nan ga maganar kayan dawowa. Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne. Motar da ta kai albasa kasuwar Mile 12 ta komo wayam ta sha man zuwa da na dawowa bisa kuɗin sawu ɗaya. Tsofaffin masu sufuri suna da mutanensu a can masu haɗa musu manja ko goro ko katako ko kayan kanti. Sabon shiga ba shi da kowa, sai ya kwana uku a tasha yana jiran layi. Hanyar ma takan rufe: a ƙarshen Fabrairun 2021 ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsai da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, tumatir da albasa suka faɗi warwas a kasuwannin Arewa. Mai biyan bashin mota, irin wannan mako ba ya rage masa ko kwabo daga abin da ake binsa.

Agogon Mil Ba Shaida Ba Ne

Mai sayen sa yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora don ya san shekarunsa. A mota, agogon da ke ƙidaya tafiya shi ne a madadin haƙora, amma akwai bambanci, domin haƙoran sa ba a mai da su baya, agogon mota kuwa ana mai da shi, na da mai juyawa da na yanzu mai lantarki duka. Har wa yau a lura ko mil yake ƙidayawa ko kilomita. Motocin Amurka da Ingila da mil suke lissafi, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Mota mai nuna 300,000 a agogon mil ta yi kilomita 480,000 ke nan, daidai da zuwa Legas daga Kano da dawowa sau 240.

Duk da haka yawan tafiya shi kaɗai ba ya kashe mota. Babban injin gas wanda aka riƙa canza wa baƙin mai kan lokaci, yana tafiya bisa shimfiɗaɗɗiyar kwalta da kaya daidai ƙarfinsa, yana iya wuce kilomita 600,000 da sauran ƙarfinsa. Wata kuwa ba ta kai rabin haka ba, amma an yi ta labta mata kaya cikin ramuka da ƙura har ƙashin bayanta ya lanƙwashe. Irin aikin da ta yi, da irin hannun da ta fito, sun fi lambar agogo ba da labari. In agogo ya ce yarinya ce, amma robar birki da ta kuloci sun sule, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, to jikin ya fi agogon gaskiya.

Dubawa

Kada a yi cinikin biri a sama. Motar da ba a gani ba sai a hoton waya, ko wadda aka ce tana bisa ruwa a ba da kafin alkalami, a bar ta. Mai saye ya tafi da bakanikensa, ya biya shi ladan dubawa daga aljihunsa. Dillali da la'ada yake ci, in ciniki bai faɗa ba bai sami kome ba, don haka bakaniken da ya kawo ba shi ne zai tona aibin motar ba.

A je da sassafe, a taɓa inji a tabbata da sanyinsa kafin a tayar, gama injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. In ta tashi a dubi salansa. Shuɗin hayaƙi alama ce tana ƙona baƙin mai, watau ringi ko fistin sun ci. Farin hayaƙi mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, galibi ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Baƙin hayaƙi kuwa mai ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, a tuhumi nozul da famfon mai da matacin iska. A buɗe murfin baƙin mai inji yana aiki: in hayaƙi yana bulbulowa da ƙarfi, injin ya kusa neman a sauke shi. A zaro sandar awon mai: in man ya yi kalar koko da madara, ruwa ya gauraya da shi. A buɗe lagireto tun da sanyi, a tayar, a ga ko ruwan yana kumfa.

Bayan inji sai shasi, watau ƙarfen da dukan mota ke zaune a kai. A shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma. A ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a hanya don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe daga ciki, sai a shafe shi da baƙin fenti a turo. Inji ana sauke shi a sa wani, giya ana canza ta, amma shasin da ya ruɓe ko ya karye aka yi masa walda ba ya komawa daidai. A duba sifirin ko akwai karyayye, a duba aksul na baya ko yana yoyo. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina. A 2017 guguwar Harvey ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a wajen birnin Houston na Amurka, irin waɗannan kuwa gwanjonsu akan yi, wasu su ƙetare teku. Busasshen laka a lungu, da tsatsa a kusoshin kujera, da warin ruma, su ne ke tona su.

A kula da sitiyari ƙwarai. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, amma Ingila da Japan ta hagu suke bi, sitiyarin motocinsu yana dama. In an kawo irinsu akan yanke a mai da shi hagu. In aikin bai yi kyau ba, ranar da sandar sitiyari ko bututun birki ya saki, ba dukiya kaɗai za a rasa ba.

Taya ma tana da ranar haihuwa a jikinta, lamba huɗu a gefe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai sule ba, robar ta bushe, zafin kwalta da nauyin kaya za su fasa ta. Mota mai ƙafa 6, ga safaya, kuɗin tayunta kaɗai ya isa a sa shi cikin ciniki.

Daga ƙarshe a ɗora mata kaya na gaske, a hau tudu da ita, a taka birki a gangara, a sa kowace giya a ji ko tana fita da kanta. Mota wayam kowace lafiyayya ce. Mai mota da ya ƙi a gwada ta da kaya ya riga ya ba da amsa.

Wadda Bakaniken Gari Ya Sani

Motar da ta fi ga mai ƙaramin jari ita ce wadda ta cika tasha, wadda za a sami kayanta a Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna cikin yini ɗaya, kuma bakaniken ƙauye ya san cikinta. Abin da ya sa tsohuwar Mercedes 911 da akori-kurar Peugeot suka yi shekara da shekaru bisa hanya ke nan, haka kuma Canter da Dyna da Hilux da J5 suka sami karɓuwa. Baƙuwar mota wadda babu irinta a gari takan zo da araha, amma ƙarfe ɗaya in ya lalace sai a aika Ladipo a Legas, ko ma ƙasar waje, ta yi wata biyu a kwance tsakiyar kaka. Araha ba ta ado.

Akwai kuma wani tarko sabo. Tun 2014 dokar hayaƙi ta Tarayyar Turai ta tilasta wa sababbin manyan motoci wani tsari mai tsanani, saboda haka suna zuwa da kwamfuta mai sarrafa inji, da mataci cikin salansa, da tankin wani ruwa da ake kira AdBlue. Injin irin wannan yana da ƙarfi, yana da tsimin mai, amma ba ya haƙuri da man jarka na 'yan bumburutu mai ruwa da datti, gyaransa kuma sai mai na'ura a babban birni. Wanda aikinsa tsakanin ƙauye da kasuwar mako ne, tsohon inji mai famfo na gargajiya ya fi masa kwanciyar rai, ko da ya fi shan mai.

Takardu

A gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da wadda ke cikin takarda, harafi da harafi. A motocin zamani guda 17 ne. A nemi takardar biyan kuɗin kwastan, a kai ofishinsu a tabbatar da ita kafin a biya, don motar da aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya ana iya kama ta ko bayan ta canza hannu sau uku. A rubuta takardar ciniki gaban shaidu, a canza sunan mai ita a ofishin lasin, a yi inshora ta gaskiya, a karɓi takardar lafiyar mota. Wanda ya sayi motar sata ya rasa mota, ya rasa kuɗi, ya kuma sami shari'a.

Kuɗin Gyara Da Direba

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohuwar mota lalle za ta nemi gyara cikin watannin farko, don mai ita na da bai rabu da ita ba sai da ya hango kashe kuɗi. Saboda haka kada kuɗin saye su wuce kashi 7 cikin 10 na abin da ke hannu. Sauran kashi 3 na taya ne da batir da baƙin mai da birki da takardu, da abin da ba a zata ba. Wanda ya zuba dukan jarinsa ran saye, ranar da kuloci ya ƙone sai ya ci bashi ko ya sayar da hatsin gida.

Direba kuwa shi ne rabin motar. Direban kirki yana duba ruwa da mai kowace safiya, yana jin sabon ƙara ya tsaya. Na banza yakan ɗora buhu 45 inda aka ce 30, ya sa fasinja bisa kaya, ya sa bambancin a aljihu, ya bar mai mota da karyayyen sifirin, wani lokaci da alhakin rayuka. Mai mota ma yana da nasa laifi in ya yanka wa direba balas mai nauyi wanda ba ya fita sai da lodin wuce kima da tafiyar dare. A ajiye littafi, a rubuta kowane sawu: kuɗin da aka samu, da na mai, da na tasha da ƙungiya, da harajin kaya, da abincin direba da yaron mota. Daga ribar kowane sawu a ware wani abu a ajiye don ranar da za a sauke inji ko a canza motar. Wanda bai ware wannan ba, jikin motar yake ci yana tsammani riba ce.

Ga Masu Cewa Haya Asara Ce

Wani zai ce, ai kuɗin hayar da manomi ke biya shekara 5 sun isa sayen mota, kuma ran da kowa ke neman mota mai ita shi ne sarki. Akwai gaskiya a ciki, musamman ga mai kayan gwari wanda kwana ɗaya ke raba shi da riba. Amma cikin kuɗin hayan nan akwai mai da taya da gyara da hatsari da zaman banza, waɗanda mai mota ke ɗauke wa mai kaya. Ran da mai kaya ya zama mai mota, duk sun dawo kansa.

Har wa yau a gwada mota da abin da za a sayar don a same ta. Gona in an ba ta taki ƙara kyau take yi, kuɗinta kuma hawa suke. Bijimin huɗa yakan yi damina uku yana aiki, ya ba da taki, a ƙarshe a yi masa kiwo a sayar da shi fiye da yadda aka saye shi. Saniya tana haihuwa. Mota ba ta haihuwa, kowace safiya ta fi jiya tsufa.

Ga ɗauko kaya daga gona zuwa gida, amalanke da babur mai ƙafa uku sun wadatar. Ga kai kaya babbar kasuwa, manoma 10 in sun haɗa buhunansu suka yi cinikin mota ɗaya tun kafin ranar kasuwa, za su sami ragin da ɗayansu ba zai samu shi kaɗai ba. Ƙungiyar da ta yi shekara biyu ko uku tana haka, tana rubuta tan nawa ta ɗauka da nawa ta biya, ita ce ta san ko ta isa sayen mota. In ta saya, ta danƙa ta hannun mutum ɗaya mai amana da littafi a buɗe, gama motar kowa da kowa ba mai zuba mata ruwa a lagireto.

Wanda ya jera watanninsa ya ga aiki ya cika, ya duba inji da shasi da takardu, ya ajiye kuɗin gyara, ya sami direban da ya yarda da shi, kuma bai taɓa gona ko garke ba, ya saya, tsohuwar mota za ta yi masa bauta. Wanda lissafinsa bai kai ba, ya riƙe gonarsa, ya biya haya, ya jira wata kakar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.